DAGA UWA DUNIYA: Suna Da Makoki A Falo Ɗaya

A wannan watan ku yi mani afuwa, ba sharhin sabon fim na zo maku da shi ba. Wani abu ne ya same ni, wanda na san da yawan 'yan'uwan mu mazauna ƙasashen waje sun ɗanɗani irin sa.

A cikin Disamba 2024 Allah ya sauki maiɗaki na lafiya a nan Manchester ta ƙasar Ingila, mu ka samu 'ya mace. Ran nan na kira kaka ta, wadda ta haifi baba na, a Zariya. Aka riƙe mata waya ta ga jaririya ta WhatsApp, sai ta ce, "Kai miji na, kishiya ka yi mani? To ina kayan faɗar kishiya?" Na ce, "Ke tsohuwa, ai kin kwana biyu, ki haƙura ki ba amarya wuri." Mu ka yi ta dariya. Ashe hirar ƙarshe kenan.

Saura kwana biyu suna, da asuba, sai ga kiran ƙane na. Duk wanda ke zaune a waje ya san faɗuwar gaban da kiran asuba ke jawowa. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri, Hajiya ta cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Na zauna ina lissafin banza. Jirgin ƙasa zuwa Landan awa biyu da wani abu. Jirgin sama zuwa Abuja kamar awa shida, in ma an samu kujera. Sannan a kama hanyar Kaduna zuwa Zariya. Mu kuwa ba mu ajiye gawa. Ƙarfe 11 na safe aka sallace ta. A waya na ga an fito da makara daga zauren da na yi rarrafe a ciki, hoton ya na ta yankewa.

A nan ne na tuna finafinan mu. A fim, da an buga wa ɗan da ke Turai waya, fitowa ta gaba sai ka gan shi a ƙofar gida da jaka, har ya samu jana'iza. Wallahi ba haka abin ya ke ba. Mafi yawan mu a waya mu ke binne iyaye da kakanni, gobe kuma mu tafi aiki, inda babu wanda ya san ta, balle ya ce maka ya haƙuri.

Na ce a fasa taron suna. Baba na da kan sa ya kira ya ce, "Kul! Wanda ya ɗauka shi ne ya bayar. A yanka rago ran bakwai." Tunda doka a nan ba ta yarda ka kayar da rago a bayan gida ba, sai a mayanka mai lasisi, dama na aika kuɗin gida. Haka aka yanka ragon suna a tsakar gidan da ake zaman makoki.

Abokai kuwa, Allah ya saka masu. Kafin la'asar, wadda a hunturun nan ba ta kai ƙarfe 2, falo na ya cika. Akwai Bakano, akwai mutumin Damagaram, akwai Bahaushen Kumasi, ga maƙwabci na ɗan Sudan. Matan su su ka karɓe kicin, su ka kula da maijego. Wani ya ɗauki hutu, wani ya tuƙo mota daga Birmingham. Har 'yar muhawara aka yi kan sallar gawa daga nesa: ɗaya ya ce Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi sarkin Habasha, ɗaya ya ce malaman Malikiyya na ganin wannan ya keɓanta da Annabi ne, Shafi'iyya da Hambaliyya su ne su ka halatta. Wani dattijo a cikin mu ya ce, "Ku bar gardama, an riga an sallace ta a gida. Addu'a dai ba ta buƙatar biza." Aka ɗaga hannu.

Ran suna an ci waina da miyar taushe. Mai shigowa sai ya rasa da wanne zai fara, barka ko gaisuwa, yawanci su haɗa duka: "Allah ya ji ƙan ta, Allah ya raya." Na yi wa yarinya huɗuba da sunan marigayiya. Da yake baba ba zai iya kama sunan mahaifiyar sa ba, Ummi mu ke kiran ta.

Da dare aka roƙe ni labarin tsohuwa. Na ba su labarin yadda ta ke tara mu a ɗakin ta a zamanin kaset, ta na faɗan 'yan fim sun cika rawa, amma da an sa na Ibro sai ta yi dariya har da hawaye. Da Rabilu Musa ya rasu a Disamba 2014, cewa ta yi a kai ta Ɗanlasan ta yi gaisuwa. Sai wani ya nemo tsohon fim ɗin sa a YouTube. Mu ka yi dariya, daga nan ne kukan da na riƙe kwana biyu ya ƙwace mani. Ba wanda ya hana ni.

Kira na ga furodusoshin mu shi ne, ga labari nan kwance ba a taɓa ba. Ga mazauna waje kuma, in ka na da tsohuwa ko tsoho a raye, kira su yau, kada ka jira Juma'a. In an yi wa ɗan'uwa rasuwa, kada ka tsaya a saƙon waya, taka ka je. A nan ku ne dangin sa.

Allah ya ji ƙan magabatan mu. Sai wata mai zuwa, in mai kowa ya kai mu.