Alawus Ba Ya Biyan Bashin Barci

A ƙarshen watan Yuli na 2025 ma'aikatan jinya da ungozomomi na asibitocin Gwamnatin Tarayya sun yi yajin aikin gargaɗi, kuma cikin bukatun da suka gabatar har da ƙarin alawus na aikin karɓa-karɓa, watau kuɗin da ake ƙara wa mai yin aikin safe da na yamma da na dare bi da bi. Ba a daɗe ba sai ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta umarci 'ya'yanta da cewa daga ranar 1 ga Oktoba, 2025, kada wanda ya sake wuce awa 24 a jere a bakin aiki ba tare da ya je ya huta ba. Jama'a sun fi mai da hankali ga maganar kuɗi, domin ita ta fi amo. Mu kuwa a ganinmu magana ta biyu ta fi nauyi, kuma ba likitoci kaɗai ta shafa ba.

Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma akwai bayin Allah masu yawa da wannan hutu bai san da zamansu ba, galibinsu kuwa ma'aikatan gwamnati ne: nas a ɗakin haihuwa, ɗan sanda a caji ofis, gandiroba, 'yan kwana-kwana, masu kula da injuna a gidan ruwa, ma'aikatan gidan rediyo da na filin jirgin sama, da masu gadin sakatariya. Babu mai hankalin da zai ce a daina wannan aiki, tun da naƙuda ba ta jiran wayewar gari, gobara kuwa ba ta duba agogo. Abin tambaya shi ne yadda ake tsara shi, da kuma wanda ke biyan kuɗin rashin tsarin.

Da farko dai ya kamata shugabannin ma'aikatu su san cewa gyangyaɗin mai aikin dare ba lalaci ba ne. A jikin kowane mutum akwai wani agogo da ke zagayawa cikin kusan awa 24, kuma hasken da ke shiga ido shi ne ke saita shi. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari mai suna melatonin wanda ke shirya jiki ga barci, zafin jiki ya riƙa sauka har ya kai ƙarshen saukarsa gab da asuba, lokacin da hankali ya fi dushewa. Wannan ba zato ba ne: a 2017 an ba wa masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano yadda ƙwayoyin halitta ke tafiyar da wannan agogo. Agogon ba ya juyawa da umarnin babban sakatare. A hankali yake matsawa, kamar awa guda a yini, ga shi kuma ranar da ke dukan idon ma'aikaci a hanyarsa ta komawa gida da safe takan mai da shi inda ya fito. Saboda haka akasarin masu aikin dare jikinsu ba ya taɓa sabawa sosai, ko da sun shekara goma suna yi, kuma barcin da suke samu da rana yakan gaza na dare tsawo da nauyi, alhali baligi yana bukatar awa 7 ko fiye.

Wannan fa a ƙasashen da ake da sanyi da labule mai kauri ke nan. To, ina ga wanda ya tashi aiki ƙarfe 8 na safe a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya tarar da ɗaki mai rufin kwano, an kuma ɗauke wuta? Ga injin niƙa a maƙwabta, ga masu talla, ga yara sun taso daga makaranta. Yana fara runtsawa sai a yi sallama a ƙofar gida, kuma a al'adarmu ba a cewa baƙo ya koma don mai gida na barci da hantsi. Suna da ɗaurin aure da jana'iza duk da rana ake yinsu, wanda bai je ba a ce ya yi girman kai. Abin ya fi tsanani ga mata. Nas ɗin da ta kwana a tsaye kan majinyata talatin ita ce dai za ta dawo ta ɗora tukunya, ta yi wanki, ta kai yaro asibiti, in ta kwanta kuma a sami wata daga dangin miji ta ce ai matar gidan nan ba ta da aiki sai barci. Haka bashi ke taruwa dare bayan dare, jiki kuwa magayi ne.

A 1997 waɗansu masu bincike a Ostareliya sun gwada mutane suka ga cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hannunsa da kaifin hankalinsa sukan ragu daidai da na wanda ke da kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jininsa, mizanin da a ƙasashe da yawa ya isa a hana mutum tuƙi. Wanda ya kai awa 24 kuwa ya ninka haka. Babu shugaban asibitin da zai bar bugagge ya auna wa jariri allura, amma sai ga shi ana barin wanda ya kwana biyu bai runtsa ba ya yi, har ma a yaba masa da juriya. Manyan haɗurran masana'antu da duniya ba ta manta ba da yawansu cikin dare suka auku: tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka da ƙarfe 4 na asuba a 1979, ta Chernobyl da ƙarfe 1 da 'yan mintoci na dare a 1986, sai jirgin dakon mai Exxon Valdez da ya yi karo da dutse a gabar Alaska jim kaɗan bayan ƙarfe 12 na dare a 1989, inda masu bincike suka ambaci gajiyar jami'in da ke kula da tuƙi cikin dalilan haɗarin. Ba mu ce barci kaɗai ya jawo su ba. Namu kurakuran dai ba sa shiga labaran duniya, a ɗakin majinyata suke ƙarewa, ko a bakin titi da sassafe lokacin da ma'aikaci ke gyangyaɗi a kan babur, sai a ce ƙaddara ce a wuce.

Shi kansa ma'aikacin ma bai tsira ba. Bincike mai yawa ya danganta daɗewa ana aikin dare da ciwon sukari da ciwon zuciya da ƙiba, kuma a 2007 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa ciwon daji, ta sake tabbatar da hakan a 2019. Naira nawa ce za ta fanshi wannan?

Dokarmu kuwa ta tsaya a baya. Dokar Ƙwadago ta 1974 abin da ta fi damuwa da shi game da dare shi ne hana mata da yara yin aikinsa a masana'antu da gonaki, har ta ware ma'aikatan jinya daga hanin. Ba ta faɗi dare nawa mutum zai yi a jere ba, ba ta kuma wajabta a duba lafiyarsa ba. Tun a 1990 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 171, wadda ta ce mai aikin dare yana da hakkin a duba lafiyarsa kyauta kafin ya fara da kuma lokaci lokaci, wanda likita ya ga ba zai iya ba a mai da shi aikin da ya dace da shi, mai juna biyu kuma a sama mata mafita kafin haihuwa da bayanta. A Tarayyar Turai ƙa'ida ita ce kada aikin mai kwana ya wuce awa 8 a kowace awa 24 in an daidaita lissafi, kuma a ba kowane ma'aikaci hutun awa 11 a jere kowace rana. A nan kuwa jadawalin aiki yana hannun shugaban sashe, in ya so ya sassauta, in ya so ya mai da shi bulalar horon wanda ba ya ɗasawa da shi.

Za a ce mana ai ma'aikata ne babu, likitoci da nas-nas suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. Gaskiya ne, kuma ba a cike wannan giɓi da takarda. Amma gajiya tana cikin abin da ke korarsu, kuma yawancin gyaran da ake bukata bai kai kuɗin motar ofis guda ba. Jadawali ya riƙa tafiya gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin jiki ya fi jure jinkirta barci a kan gaggauta shi. A taƙaita yawan darare a jere maimakon mako guda cur da ake yi a wurare da dama, a kuma fitar da jadawalin da wuri don mutum ya shirya gidansa. A hana kiran wanda ya kwana aiki zuwa taron ƙarfe 10 na safe. A tanadi ɗaki mai tsabta inda abokan aiki za su riƙa karɓar juna suna kishingiɗa na minti 20 ko 30, bisa tsari kuma da sanin shugaba, domin barcin da aka hana a sarari ɓarawo ne, zai zo ya ɗauki mutum a kan kujera a lokacin da ba a shirya ba.

Su ma ma'aikata akwai nasu. Goro da shayi da kofi duk suna ɗauke da kafin, wanda rabinsa ke nan daram a jini bayan kamar awa 5, don haka wanda ya ci goro da asuba ya sayar da barcinsa na hantsi. A ci da farkon dare, a bari gab da tashi. Ƙwayoyin hana barci da na sa barci da ake saye a kemis ba da takardar likita ba sun fi cutar da ake gudu illa. A rufe taga da baƙin zane, a kashe waya, a kuma gaya wa iyali a fili cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba a tashin mai gida sai da babban dalili. Mun san kuma cewa tsadar rayuwa ta sa da yawa suna tashi daga aikin dare su zarce asibitin kuɗi ko su hau A Daidaita Sahu suna neman na cefane. Wannan kam ba wa'azi zai magance shi ba, albashin da ya isa ne. Ɗalibai ma da ke kwana a aji gab da jarrabawa su sani cewa cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke kafe abin da aka karanta.

Saboda haka muna kira ga Ofishin Shugaban Ma'aikata na jiha da ya zauna da ma'aikatar lafiya da ƙungiyoyin ƙwadago, a fitar da takardar umarni guda wadda za ta ƙayyade tsawon aikin dare, da yawan darare a jere, da hutun da ke biye da su, da duba lafiya sau ɗaya a shekara a asibitin gwamnati kyauta. Ba sai an jira Majalisar Tarayya ta gyara dokar 1974 ba, domin jiha tana da ikon tsara wa ma'aikatanta wannan da kanta. Ana iya farawa da ɗakunan haihuwa da sassan taimakon gaggawa na manyan asibitoci, a riƙa rubuta awowin da kowane ma'aikaci ya yi a zahiri na tsawon wata shida, sa'an nan a kai lissafin gaban Majalisar Dokokin jiha kafin a zauna kan kasafin kuɗi na gaba.