Mu Ma Mu Shiga Aikin 'Yan Sandan Sa-kai

Ya ku 'yan'uwa mazauna Kudu, tun daga Sabon Ibadan da Agege har zuwa Ama Hausa ta Owerri, akwai wata magana da ta kamata mu dube ta da idon basira. Maganar kuwa ita ce ta aikin 'yan sandan sa-kai, waɗanda mutanen Kano suke kira 'yan sandan sarauniya, wanda har yanzu yawancinmu muke yi masa kallon aikin wasu.

Duk wanda ya daɗe a ƙasar nan bai manta da tarzomar Shagamu ta 1999 ba, ko ta Idi-Araba ta 2002, ko ta Mile 12 ta 2016. Ta kasuwar Shasha a Ibadan kuwa, cikin watan Fabrairu na 2021, asalinta cacar baki ce kan kayan da suka zube wa wani ɗan dako a ƙofar wani shago. Kafin a ankara an yi hasarar rayuka, an ƙone rumfuna da gidaje, gwamnati ta rufe kasuwar. To, a sa'ar farko ta irin wannan fitina, wa ya fi dacewa ya shiga tsakani? Lalle sai mutumin da yake jin Hausa, yake jin Yarbanci, ya san masu faɗan da sunayensu, kuma yana sanye da rigar hukuma. Irin wannan mutum ba daga Abuja za a aiko mana shi ba. A cikinmu yake.

Doka kuwa ta buɗe ƙofa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta yarda a ɗauki mutum mai shekara 21 wanda bai kai 50 ba, in dai yana da ƙoshin lafiya da halin kirki, ya kuma nuna yana so. A wannan shekara ce Gwamnatin Tarayya ta ware Naira biliyan 13.3 domin kafa tsarin tsaron unguwanni. Wanda aka ɗauka ana horar da shi, ya riƙa taimakon 'yan sandan yankinsa, alhali yana riƙe da sana'arsa.

Wani zai ce, mu baƙi ne, ina ruwanmu? Wannan magana ba ta da tushe. An kafa Sabon Ibadan tun 1916, akwai kuwa gidajen da kaka da uba da ɗa duk a nan aka yanke musu cibiya. Tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya ga dama. Wanda yake biyan haraji a gari, 'ya'yansa suna makarantar garin, jarinsa duka yana cikin kasuwar garin, ai tsaron garin ya shafe shi, ko ya so ko ya ƙi. Sau nawa aka kama ɗan acaɓa ko mai sayar da ruwa, ya kwana a ofishin 'yan sanda, ba don laifinsa ya kai haka ba, sai don an rasa mai fassara masa abin da ake tuhumarsa da shi?

Amma fa a faɗi gaskiya, wannan aiki ba na albashi ba ne. A 2022 wasu 'yan sandan sa-kai sun yi zanga-zanga a Jihar Osun kan rashin biya, aka amsa musu cewa tun farko sa kansu suka yi. A watan Disamba na 2023 kuma aka kori biyu a Jihar Oyo, bayan an ga hotonsu suna roƙon kuɗi wurin wata Baturiya mai yawon duniya a kan babur. Wanda ya shiga da yunwa, rigar za ta zame masa ƙoƙon bara, ya jawo mana abin kunya maimakon mutunci. Saboda haka wannan kira na masu abin yi ne: direba, mahauci, malamin makaranta, ɗan kasuwa mai rumfarsa.

Nauyin yana wuyan sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa. Su zauna su tace, su fitar da samari masu hankali da ilmi, waɗanda suka iya harshen gari, su kai sunayensu ga babban jami'in 'yan sandan yanki, sa'an nan su sa ido a kansu. Wanda ya sa rigar kuma ya sani ba ɗan sandan Hausawa ba ne. In namu ne ya yi laifi, ya faɗa. In Bayarabe ko Ibo aka zalunta, ya tsaya masa. Da haka ne masu gari za su amince da shi ranar da muke bukatar a ji maganarsa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kada mu jira sai hayaƙi ya tashi sa'an nan mu shiga neman motar gida. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.