Duniyar Kimiyya: Zafin Ƙarfe Da Lissafin Fourier

Jama'a, in maƙeri ya sa bakin ƙarfe a wuta, zafin da ke ratsa shi ya danganta ga abu biyu, watau wuri da lokaci. Warware lissafin da ya haɗa su aiki ne ja. Joseph Fourier, mutumin Faransa, sai ya ɗauka amsar rabon wuri ce sau rabon lokaci. Da ya ware su, matsala guda mai wuya ta koma biyu masu sauƙi, sa'an nan ya tara ƙananan amsoshin. A kan tarawar nan Lagrange, babban malamin zamanin, ya ja da shi a 1807. Littafin Fourier bai fito ba sai 1822, bayan rasuwar Lagrange da shekara tara.