Ƙuri'ar Wanda Aka Raba Da Gidansa Amana Ce A Wuyanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kujera ɗaya gare su a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Zaɓen wannan kujera na 25 ga Fabrairun 2023 sai da ya kai gaban kotu, aka ba da umarnin sake kaɗa ƙuri'a a wasu rumfuna. Ranar 3 ga Fabrairun 2024 aka sake, Dalhatu Shehu Tafoki na APC ya yi nasara. Ke nan rumfuna ƙalilan suka raba gardamar wanda zai wakilci ƙananan hukumomi uku. Wannan ya ishe mu gane nauyin ƙuri'ar ƙauye guda.

To, ina mutanen ƙauyukan suke? A wannan yanki ne 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disambar 2020. Iyalai da dama sun bar gonakinsu, sun raɓa da 'yan uwa a Funtuwa da Malumfashi da birnin Katsina. Katin zaɓe kuwa ɗaure yake da rumfar da aka yi wa mutum rajista. Wanda ya tsere da ransa, ko dai ya sake bin hanyar da ya gudo, ko ya haƙura da ƙuri'arsa. Ta haka waɗanda suka fi kowa ɗanɗana rashin tsaro suka zama mafi ƙarancin murya wajen zaɓar masu tsara manufar tsaro.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 24 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ɗora wa hukumar INEC ta yi iyakar ƙoƙari kada a tauye wa waɗanda bala'i ya raba da muhallinsu haƙƙin zaɓe, kuma tun 2015 ta buɗe wa 'yan gudun hijirar Borno da Yobe da Adamawa cibiyoyin jefa ƙuri'a. Sai dai tsarin ya fi dacewa da mazauna sansani, alhali akasarin namu a gidajen dangi suke. Wani zai ce su canja rumfa. Amma mutumin Sabuwa da ya mayar da rajistarsa Funtuwa ya faɗa wata mazaɓa, ba shi da sauran ta cewa kan wakilin garin da yake fatan komawa.

Muna da abin koyi a magabata. Bayan rasuwar Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, a shekara ta 23 bayan Hijira, Abdurrahman ɗan Aufu ya kwana uku yana bin mutanen Madina yana jin ra'ayinsu kafin a yi wa Sayyidina Usman mubaya'a. Malaman tarihi sun ruwaito cewa har matan da ke cikin gidaje ya tuntuɓa. Shi ya je wurin jama'a, bai jira su zo ba.

Saboda haka muna kira ga INEC ta ƙidaya masu gudun hijirar wannan mazaɓa tun da wuri, ta buɗe musu cibiyoyi a garuruwan da suka fake, a lissafa ƙuri'unsu a mazaɓarsu ta asali. Masu tsoron maguɗi suna da hujja, amma na'urar BVAS da ke tantance yatsa da fuska za ta yi aiki a Funtuwa kamar yadda za ta yi a Sabuwa. Limamai da masu unguwanni sun san baƙin da ke cikinsu, su taimaka wajen ƙidayar. Ɗalibanmu kuma su raka dattijon da katinsa ya ƙone ko ya ɓace zuwa ofishin hukumar don neman wani.

Mun ba 'yan uwanmu ɗaki da abinci, kada mu bari a raba su da muryarsu. Allah Ya mayar da su gidajensu cikin aminci, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa. Amin.