Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Zaman Lafiya Ta Jihar Kaduna

 

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, aka sake buɗe kasuwar shanun da ta daɗe a rufe. Mun gode Allah. Amma wa ke bin diddigin ko sulhun nan yana riƙe?

Katsina ta yi sulhu a 2016 da 2019, Zamfara ma ta yi nata a 2019, duk suka rushe. Ga talakan ƙauye, alamar rushewa tana bayyana tun kafin labari ya kai gidan gwamnati: a hana shi shiga gonarsa sai ya biya kuɗi, ko direba ya daina bin hanyar Funtua bayan la'asar. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Tun 2017 aka kafa ku domin irin wannan aiki. Ku kafa kwamiti a kowace gunduma, da dagaci da arɗo da limami da manoma, kuma kada a manta da mata, don su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Kwamitin ya riƙa rubuta abin da ya faru duk wata, wa ya karya alkawari, a karanta a bainar jama'a, a ɓoye sunan wanda ya kawo rahoto.

Don Allah ku fara da Birnin Gwari kafin damina mai zuwa.

Wassalam,
Wani ɗan jihar Kaduna