Tsohuwar Mota da Kuɗin Inshora: A Ina Za Mu Rage?

Duk wanda ya tsaya a tashar mota ta Yelwan Yawuri ran kasuwa ya san irin motocin da ke ɗauke da arzikinmu. Ba sababbi ba ne. Akwai akori-kura ta Fijo, irin wadda kamfanin Peugeot ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan da ya buɗe a 1975. Akwai tsofaffin Golf, da Kanta da ta sha fenti sau uku. Su ne ke kwaso busasshen kifi daga bakin tafkin Kainji, da albasa da shinkafa daga ƙauyukan Ngaski da Shanga. Su ne kuma ke kai mace mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka ta da mutanenmu daga gungu zuwa tudu, mota ta zama abokiyar jirgin ruwa wajen neman abinci.

Riƙon mota kuwa ya yi tsada ƙwarai. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, kuɗin fetur ya ninka, kayan gyara ma haka. Saboda wannan kowane mai mota yana neman inda zai rage. Da yawa sun ga inshora ce wurin ragewa. Mu ma mun yarda akwai abin ragewa a can. Amma akwai ragi na hankali, akwai kuma ragin da zai jefa mutum cikin rami. Shi ne muke so mu duba tare.

Inshora iri biyu ce

Ta fari ita ce ƙaramar inshora, wadda a kan takarda za ka ga an rubuta Third Party. Ita ce ta dole. Dokarta ta samo asali tun 1945, zamanin Turawa. Ba ta biyanka kome idan motarka ta lalace. Aikinta shi ne ta biya wanda ka yi wa ɓarna, watau mai babur da ka buge, ko mai rumfar da ka rushe, ko mai motar da ka daka.

Ta biyu ita ce babbar inshora, wadda ake rubuta wa Comprehensive. Ita tana biyan wanda ka yi wa ɓarna, tana kuma biyan gyaran motarka, ko gobara, ko sata. Ba dole ba ce.

A watan Disamba 2022 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta fitar da sabon farashi, ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2023. Ƙaramar inshora ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara. Abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3, ban da diyyar rauni ko ta rai. Motar da mutum ke ɗaukar kayansa na kansa da ita naira 20,000 ce. Babbar motar dakon kaya naira 100,000. Keke mai ƙafa uku naira 5,000, babur kuwa naira 3,000. Game da babbar inshora, hukumar ta ce kada ta yi ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar mota, ko da an yi wa mutum rangwame.

Ragin da ba ragi ba ne

Da farashi ya tashi, sai kasuwar masu takardar jabu ta buɗe. Mutum zai tare ka a tasha ko a bakin wurin sabunta lasin, ya ce kawo dubu uku ko dubu biyar. Kafin ka sha ruwa ya miƙo maka takarda mai hatimi da lamba. Ka ninke ka sa cikin aljihun mota, kana murna ka ci riba.

Ba ka ci riba ba, ɗan'uwa. Farashin ƙaramar inshora hukuma ce ta yanke shi, ba a ciniki a kansa kamar tumatir. Wanda ya ba ka ita ƙasa da haka, tambayi kanka daga ina ya samo ta. Tun ran 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken wannan inshora a ƙasa duka, suna kuwa iya duba lambar mota a waya su gane ta gaske da ta ƙarya.

Amma ba ɗan sanda ne babban abin tsoro ba. Bari mu ce kana dawowa daga kasuwar Wara da magariba, birki ya ƙi, ka buge mai babur da matarsa a baya. Babur ya ragargaje, mutum ya karye a cinya. Ka ciro takardarka, aka duba, ba kamfanin da ya san ta. Wa zai biya? Kai ne. Za ka sayar da shanun huɗa, ko gonar fadama, ko motar kanta. In kuwa ba ka da abin sayarwa, wanda ka buge shi zai kwanta da ciwonsa, 'ya'yansa su rasa abinci. Shi ma maƙwabcinmu ne. Wataƙila ma ɗan ƙauyenku ne. Gaskiyar Hausawa da suka ce araha ba ta ado.

Naira 15,000 a shekara, in ka raba, naira 1,250 ke nan a wata. Bai kai kuɗin lita biyu na fetur ba. Wannan ba wurin ragewa ba ne.

Inda ragi yake

Wurin ragewa na gaske shi ne babbar inshora. Ga lissafi. A ce motarka ta shekara ashirin, in ka kai ta kasuwa yau za a saye ta naira miliyan 2. Kashi 5 cikin 100 na wannan naira 100,000 ne kowace shekara. Ƙaramar inshora kuwa 15,000. Bambanci naira 85,000.

Sa'an nan ka tuna, kamfani ba ya biyan kuɗin sabuwar mota a madadin tsohuwa. Darajarta ta ranar haɗari yake biya. Yawancin lokaci akwai wani kaso na farko da kai za ka ɗauka kafin shi ya sa hannu. Ba ya biyan injin da ya buga don tsufa, ko giyar da ta ci, ko sifirin da ramukan hanya suka karya sannu a hankali. Waɗannan kuwa su ne ainihin ciwon tsohuwar mota. Saboda haka muna ganin mai tsohuwar mota wanda ya gama biyan kuɗinta, yawanci ƙaramar inshora ta gaske ta ishe shi.

Amma kada 85,000 ɗin nan ta bi ruwa. Tun da ka bar babbar inshora, kai ne ka zama kamfanin motarka. Ka ajiye kuɗin a gefe. In direbobi goma na tasha ɗaya suka yi asusu, kowa yana zubawa ran kasuwa, da ma'aji amintacce da littafi, to wanda motarsa ta kwanta zai sami rance ya tashe ta. Matanmu sun daɗe suna yin haka da adashi. Ba abin kunya ba ne mu koya daga gare su.

Wani zai ce, to in motar ta ƙone ƙurmus fa, ko ɓarayi suka tafi da ita? Tambaya ce mai kyau, ba za mu kauce mata ba. Asusun tasha ba zai saya maka wata ba. Don haka akwai waɗanda ba mu ba su shawarar barin babbar inshora. Wanda ya sayi mota da bashi bai gama biya ba, ya riƙe ta. Motar ƙungiyar manoma ko ta asibitin ƙauye, wadda kuɗin jama'a ne, ita ma haka. Akwai kuma ta tsakiya, wadda ke haɗa ƙaramar inshora da gobara da sata. Ka tambayi kuɗinta, ka gwada da sauran.

In za ka riƙe babbar, ka faɗi darajar motar ta gaskiya. Wanda ya kumbura daraja ya ƙara wa kansa kuɗin shekara a banza. Wanda ya rage ta ƙwarai, ran biya za a rage masa. In ka shekara ba ka nemi diyya ba, ka tambayi rangwame sa'ad da za ka sabunta. Akwai kuma kamfanonin takaful, waɗanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013. Su tsarinsu na taimakon juna ne, in an sami rara sukan raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Ƙofarsu a buɗe take ga kowa.

Abin da za mu yi

Na ɗaya, ka sayi inshora daga kamfani mai rajista ko wakilinsa, ka karɓi rasit. Ba sai ka je Birnin Kebbi ko Sakkwato ba, kamfanoni da yawa suna sayarwa ta waya. In ba ka iya ba, ɗanka ɗan makaranta ya taimake ka.

Na biyu, ka duba ta. Kamfanonin inshora suna da rumbun bayani guda, ana kiransa NIID. Danna *565*11# a waya, ka sa lambar motarka. In ba ta fito ba bayan 'yan kwanaki, koma wurin wanda ya sayar maka tun kafin tsautsayi ya zo.

Na uku, ka faɗi gaskiyar aikin motar. Wanda ya yi inshorar motar gida alhali yana lodin fasinja daga Yawuri zuwa Koko ko Kontagora, ya ba kamfani hanyar ƙin biya. Mai haya ya sayi ta haya, ya kuma tambaya ko ta shafi fasinjojinsa.

Na huɗu, in haɗari ya faru, kada ka tsaya ga sulhun bakin hanya kaɗai. Ka sanar da 'yan sanda, ka ɗauki hoto, ka gaya wa kamfani nan da nan. Da yawa cikinmu suna da takarda ta gaske, amma ba su taɓa neman haƙƙinsu ba. In kamfani ya yi ta jan ƙafa, ana kai ƙara wurin NAICOM.

Na biyar, ka kula da birki da taya da fitila, kada kuma ka yi lodin da ya fi ƙarfin motar. Buhun albasa biyu da ka ƙara a sama ba su kai ran mutum ba.

Muna roƙon shugabannin tasha da na ƙungiyoyin manoma a Yawuri, Ngaski da Shanga su sa wannan magana a taronsu na gaba. Kowa ya zo da takardar motarsa, a duba ta a waya a gaban juna. Wanda tasa ta fito ta ƙarya kada a yi masa dariya, cutarsa aka yi. A taimake shi ya sami ta gaske kafin kakar albasa, lokacin da lodi ke yawa a hanya.