Katin Bashi a Amurka: Wa Ke Biyan Kuɗin Wannan Sauƙi?

Gabatarwa

A tsakiyar shekarar 2023, reshen Babban Bankin Amurka da ke birnin Niyok ya bayyana cewa bashin da Amurkawa suka ci ta hanyar katin bashi ya haura dala tiriliyan 1, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin ƙasar. Kafin ƙarshen 2024 adadin ya kai tiriliyan 1.2. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ribar wannan kasuwa ta dogara ne kacokan a kan mutanen da ba sa iya biyan bashinsu gaba ɗaya a ƙarshen wata, kuma faɗakarwa kaɗai ba za ta kare su ba, sai hukuma ta sa hannu.

Da farko ya kamata mai karatu ya bambance tsakanin kati iri biyu. Katin da aka fi sani a Nijeriya, wato katin ATM, kuɗin mai shi ne yake fitarwa daga asusunsa, in babu komai a ciki to magana ta ƙare. Shi kuwa katin bashi, banki ne ke biya wa mutum abin da ya saya, sa'an nan a ƙarshen wata ya aiko masa da takardar lissafi. Idan ya biya duka kafin wa'adi ya cika, ba a ɗora masa ko kwabo na kuɗin ruwa. Idan kuwa ya biya wani ɓangare ya bar saura, to a kan sauran nan ne ake fara lissafin ruwa, kuma a nan ne matsalar take.

Asalin katin da yadda ruwansa ya hau

A shekarar 1950 aka fito da katin Diners Club a Niyok, domin 'yan kasuwa su riƙa cin abinci a gidajen sayar da abinci su biya daga baya, amma dole ne a biya duka kowane wata. A 1958 bankin Bank of America ya aika wa mazauna garin Fresno na Jihar Kalifoniya katuna kimanin 60,000 ta gidan waya, ba tare da sun nema ba, tare da damar ɗage biya zuwa wani watan. Wannan kati shi ne ya zama Visa a 1976. Hasarar da aka tafka da ƙorafin jama'a sun sa majalisar dokokin ƙasar ta haramta aika wa mutum katin da bai nema ba a 1970.

A wancan zamani yawancin jihohin Amurka suna da dokar da ta ƙayyade iyakar kuɗin ruwa. Amma a 1978 Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka fi sani da sunan bankin Marquette, ta yanke hukunci cewa bankin da ke da rajistar tarayya zai iya amfani da dokar jihar da yake zaune a kan abokan cinikinsa na ko'ina. Nan da nan Jihar Dakota ta Kudu ta soke tata iyakar a 1980, bankin Citibank kuma ya mayar da harkar katinsa can a 1981. Daga nan iyakokin sauran jihohi suka zama ba su da wani tasiri a kan manyan bankuna. Alƙaluman hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, wato CFPB, sun nuna cewa matsakaicin ruwan kati ya tashi daga kusan kashi 13 cikin ɗari a 2013 zuwa kusan kashi 23 a 2023.

Yadda bashi ke hayayyafa

Duk ɗalibin da ya shiga ɗakin gwaje-gwaje na ilmin halittu ya san yadda ƙwayar bakteriya ke yaɗuwa. Irin wadda ake kira E. coli, idan ta sami abinci da ɗumin da ya dace, takan rabe biyu duk bayan minti 20 ko makamancin haka. A sa'a ta farko ba a ganin komai, domin ƙwaya ɗaya ta zama 8 ne kurum, amma bayan sa'a 7 ta wuce miliyan 2. Dalili kuwa shi ne duk wadda aka haifa ita ma haihuwa take yi. Haka ruwan katin bashi yake: ruwan da ba a biya ba ana haɗa shi da uwar kuɗi, shi ma ya fara haifar nasa. Bashin da aka ɗora wa ruwa na kashi 22 cikin ɗari a shekara, in aka ƙyale shi ba a taɓa ba, zai ninka kansa cikin shekara uku da 'yan watanni.

Bankuna ba sa barin mutum ya ƙi biya ƙwata-ƙwata. Suna rubuta masa wani ɗan adadi da ake kira mafi ƙarancin biya, wanda galibi ya ƙunshi ruwan watan da kashi 1 cikin ɗari na uwar kuɗin. A ɗauka ana bin wani dala 5,000 a kan ruwa na kashi 22. A watan farko za a nemi ya biya kimanin dala 142, amma dala 92 daga ciki ruwa ne, dala 50 kacal ke rage bashin. Idan ya ci gaba a haka har shekara 10, bai ƙara sayen ko allura da katin ba, zai biya ruwa na kimanin dala 6,400, kuma har a lokacin ana bin sa wajen dala 1,500. Irin wannan mutum shi ne abokin cinikin da banki ya fi so, domin bai tsere da kuɗin ba, kuma bai gama biya ba. Tamkar tsutsar ciki ce, wadda ba ta kashe mai ɗauke da ita, sai dai ta riƙa raba abincinsa da shi shekara da shekaru.

Wannan ba lissafin allo ba ne kawai. Rahoton da CFPB ta fitar a 2023 ya nuna cewa a shekarar 2022 an karɓi fiye da dala biliyan 130 daga hannun masu katuna: biliyan 105 kuɗin ruwa, biliyan 25 kuma sauran caje-caje, waɗanda fiye da biliyan 14 daga cikinsu tara ce ta jinkirin biya. Rahoton ya ƙara da cewa kusan ɗaya cikin kowane asusu goma, abin da ake caje shi na ruwa da tara a shekara ya fi abin da yake ragewa daga uwar kuɗi.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Babban abin da ake tallata kati da shi shi ne tukuici: a mayar wa mai kati kashi 1 ko 2 cikin ɗari na abin da ya kashe, ko a ba shi maki na shiga jirgin sama. Daga ina wannan kyauta take fitowa? Wani ɓangare daga la'adar da ake cire wa mai kanti ne a kan kowane ciniki, wadda a Amurka takan kai wajen kashi 2 cikin ɗari. Mai kanti kuwa sai ya shigar da ita cikin farashin kaya, ta yadda har wanda ya biya da tsabar kuɗi sai ya taya biya. Ɗaya ɓangaren daga ruwan da masu ɗage biya ke zubawa ne. Ke nan mai hali, wanda ke biyan bashinsa duka a kan kari, yana cin moriyar abin da aka tatsa daga marar hali.

Har ila yau, kati yana rage wa mutum jin zafin kashe kuɗi. A wani bincike da Drazen Prelec da Duncan Simester na cibiyar MIT suka buga a 2001, an yi gwanjon tikitin kallon ƙwallon kwando, sai waɗanda aka ce za su biya da kati suka taya kusan ninki biyu na tayin masu biya da tsaba. A 2009 kuma Neil Stewart na Jami'ar Warwick a Ingila ya nuna cewa ganin mafi ƙarancin biya a kan takardar lissafi yana sa mutane su biya ƙasa da abin da suka yi niyya.

Hujjar bankuna

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Bankuna sukan ce bashin kati ba shi da jingina, babu gida ko mota da za a ƙwace, saboda haka dole ruwansa ya yi tsada. Sukan ce kati yana fid da mutum daga kunya ranar rashin lafiya ko lalacewar mota, kuma idan ɓarawo ya yi amfani da shi, doka ba ta ɗora wa mai shi fiye da dala 50 ba. Bugu da ƙari, sukan yi gargaɗin cewa in aka ƙayyade ruwa, za su daina ba talaka kati, ya koma hannun waɗanda suka fi su tsanani.

Akwai gaskiya a cikin waɗannan maganganu, amma ba su isa ba. Tazarar da ke tsakanin ruwan kati da ruwan da bankuna ke ba manyan abokan cinikinsu ta ƙaru daga maki 9.6 a 2013 zuwa 14.3 a 2023, wato hauhawar ba daga matakan Babban Banki kaɗai ta fito ba. Sa'an nan ƙayyade ruwa ba baƙon abu ba ne a Amurka. Ƙungiyoyin adashi da lamuni masu rajistar tarayya sun shafe shekaru suna ba da kati a ƙarƙashin iyakar kashi 18, kuma daga 2017 dokar da ta hana ɗora wa sojoji fiye da kashi 36 ta haɗa da katin bashi.

Abin da ya kamata a yi

Dokar katin bashi ta 2009 ta yi amfani. Ta wajabta a ba mutum aƙalla kwana 21 kafin wa'adin biya, ta tsaurara ba 'yan ƙasa da shekara 21 kati, ta kuma tilasta a rubuta a kan takardar lissafi tsawon lokacin da bashi zai ɗauka in mafi ƙarancin kawai ake biya. Duk da haka bashi bai daina hawa ba, domin wanda albashinsa ya ƙare ranar 20 ga wata, gargaɗin da aka buga a takarda ba zai saya masa abinci ba. Yunƙurin da CFPB ta yi a Maris 2024 na rage tarar jinkiri daga kimanin dala 32 zuwa dala 8 kuwa, wata kotun tarayya a Jihar Texas ta soke shi a Afrilu 2025.

Wasu ƙasashe sun nuna cewa akwai hanya. Tarayyar Turai ta ƙayyade la'adar katin bashi a kan kashi 0.3 cikin ɗari a 2015. A Birtaniya kuma, ƙa'idar da aka kafa a 2018 ta wajabta wa banki ya tuntuɓi duk wanda ya yi wata 18 yana biyan ruwa fiye da uwar kuɗi, in ya kai wata 36 a haka, a shirya masa hanyar fita, ko da ta kai ga rage masa ruwa. Hikimar wannan ƙa'ida ita ce ta ɗora wa mai ba da bashi wani kaso na alhakin, maimakon a bar wa mai ci shi kaɗai.

Kammalawa

Katin bashi kayan aiki ne mai amfani ga wanda zai biya duka a ƙarshen wata, ga wanda ba zai iya ba kuwa yana daga cikin bashi mafi tsada da banki ke bayarwa. Shawara ga mai riƙe da shi ita ce ya ɗauki jimillar da ke kan takarda a matsayin abin biya, ya kau da kai daga ɗan adadin nan na mafi ƙaranci. Ga hukumomi kuwa, musamman a ƙasashen da suka fara faɗaɗa ba jama'a bashin sayen kaya, kamar Nijeriya da ta kafa hukumar CREDICORP a 2024, ya kamata a tsara iyakar tara, da bayyana haƙiƙanin tsadar bashi, da hanyar ceto wanda ya nutse, tun kafin kasuwar ta bunƙasa. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.